Abin Da Sikeli Ya Sani Da Abin Da Bai Sani Ba

Filin ilmin kimiyya na wannan mako zai yi magana ne bisa wata kalma guda ta Hausa wadda aka ɗora wa kaya fiye da ƙarfinta, watau kalmar nauyi.

Bahaushe ya kan ce buhu ya yi nauyi. Ya kan ce saurayi yana jin nauyin surukinsa, magidanci ya ɗauki nauyin iyalinsa, wane yana da nauyin baki, wance tana da nauyin barci. Duk wannan daidai ne, kuma wadatar harshe ce. Amma in aka shiga ɗakin karatu, malami ya tsaya gaban allo zai koyar da kimiyya da Hausa, sai kalmar ta gaza. Dalili kuwa, akwai abubuwa uku dabam dabam waɗanda masana suka yi shekaru ɗaruruwa suna fama kafin su rarrabe su, ga shi kuwa duka ukun a kan haɗa su a ce nauyi.

Na farko shi ne ainihin kayan da aka yi abu da su: ƙarfe ne, ko ruwa, ko auduga, ko iska. Malaman Larabci suna kiran wannan madda, kuma da wannan suna za a kira shi a nan. Na biyu shi ne abin da Turawa ke kira mas, watau gwargwadon taurin kan da abu ke yi in an so a motsa shi daga inda ya ke, ko a tsai da shi in yana tafiya. Shi ne a ke aunawa da kilo, za a kira shi nauyin asali. Na uku shi ne ƙarfin da ƙasa ke jan abu da shi zuwa gare ta, wanda ɗan dako ke ji a wuyansa. Za a kira shi nauyin ja.

Littattafan makaranta da yawa, na Turanci da na Faransanci, sun saba cewa nauyin asali shi ne yawan maddar da ke cikin abu, malamai kuwa suna juya maganar da Hausa yadda suka same ta. Ra'ayin wannan fili shi ne maganar nan ta tsufa, bai kamata a ci gaba da cusa wa yara ita haka kurum ba gyara ba. Kama da wane ba ta wane. Hujjojin suna nan cikin tarihin birane biyu na ƙasar Faransa, Liyon da Faris.

Liyon tana mahaɗar koguna biyu, Rhône da Saône, kuma shekaru aru-aru ita ce uwar cinikin siliki a ƙasashen Turai. Mutanen Kano sun san darajar irin wannan zare, don sun ga alharinin da fatake ke kawowa daga Tarabulus ta hamada, sun kuma san zaren tsamiya da a ke yi wa manyan riguna aiki da shi. Siliki da awo a ke sayar da shi, ga shi da tsada ƙwarai. To, amma yana da wani hali: ya kan sha laima daga iska har kimanin kashi 30 cikin 100 na nauyinsa, mutum ya taɓa shi da hannu bai ji danshi ba. Saboda haka ɗaurin siliki guda, in aka auna shi ranar hazo da sanyi, aka sake auna shi ranar da iska ta bushe, sai a sami awo biyu. Mai ha'inci kuwa ba ya ma jiran hazo, sai ya kwantar da hajarsa a ɗaki mai danshi daren da za a yi ciniki. Mai saye ya biya kuɗin siliki, alhali wani kashi na abin da ya saya ruwa ne. Sikelin bai yi ƙarya ba. Kilo nawa ya ce, kilo nawa ne. Amma bai san ya bambanta zare da ruwa ba.

Rigima ta yi yawa tsakanin attajirai da masu kawo zare da masaƙa, har a shekarar 1805 Napoleon ya ba da doka aka kafa gidan awon siliki na hukuma a Liyon, aka danƙa shi hannun majalisar 'yan kasuwar birnin. An gina masa babban gida a titin Saint-Polycarpe, a gindin tudun Croix-Rousse inda masaƙa ke zaune, ginin kuwa yana nan har yau, ko da ya ke an mai da shi wurin wasu ayyuka na jama'a. Da farko shanya zaren a ke yi cikin ɗakuna masu ɗumi kafin a auna. Daga wajen shekarun 1840 aka koma aiki da wata tukunyar busarwa mai suna Talabot. A kan ciro ɗan samfur daga ɗaurin, a rataye shi jikin ma'auni cikin tukunya mai zafi, a yi ta dubawa har awon ya daina raguwa, alamar ruwa ya fita sarai. Sa'an nan a ƙara kashi 11 cikin 100 bisa busasshen awon, don wannan ita ce laimar da aka yarda siliki na ɗauke da ita bisa al'ada. A misali, ɗaurin da ya nuna kilo 100 bisa sikeli, in samfurinsa ya nuna busasshen zaren kilo 85 ne, sai a ƙara masa kilo 9 da ɗan ɗoriya, mai saye ya biya kuɗin kilo 94 da 'yan giram. Sauran kusan kilo 6 ruwa ne, ba wanda zai biya shi.

Ba a nan abin ya tsaya ba. Ɗanyen siliki yana da wani ƙaro a jikinsa, wanda in aka dafa zaren don a rina shi ya kan fita, zaren ya rasa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa. Marina a Turai suka gano dabarar mai da abin da ya ragu ta hanyar tsoma zaren cikin ruwan gishirin kuza, irin ƙarfen nan da a ke haƙowa a Jos. A ƙarshen ƙarni na 19 wasu suka zarce, har zaren ya riƙa fita daga marina ya fi yadda ya shiga nauyi nesa ba kusa ba. Yadin ya yi kauri, ya yi kyau a ido, ya cika awo, amma bayan 'yan shekaru sai ya riƙa tsagewa don kansa. Gidajen ajiye kayan tarihi suna da riguna irin waɗannan da suka ruɓe a ninke. Manomin da ya taɓa kai gyaɗa ko auduga wurin awo, ya ga yadda a ke zazzage buhu a duba ko an yi algus da yashi ko an yayyafa ruwa, ya riga ya san wannan darasi: sikeli yana faɗin nauyin asali, ba ya faɗin wace madda ce.

Mai sauraro mai kaifin hankali zai ce, ai ruwa ma madda ne, kuza ma madda ce, don haka labarin Liyon bai rushe maganar littafi ba, ya nuna dai sikeli ba ya sanin iri. Gaskiyarsa. Wannan mataki na farko ne kurum. Sauran matakan suna Faris.

A shekarar 1672 majalisar masana ta Faris ta sa wani masanin taurari, Jean Richer, aiki a Kayen, wani gari a Amurka ta Kudu kusa da tsakiyar duniya. Ya tafi da agogo mai lilo wanda aka daidaita sosai a Faris. Da ya isa sai ya ga agogon yana jinkiri da kimanin minti biyu da rabi kowace rana. Ruwa ba ya tsami banza. Agogon bai lalace ba, ƙarfen lilon kuwa shi ne dai wanda aka taho da shi, ba abin da ya ragu a jikinsa. Abin da ya sake shi ne jan ƙasa, wanda ya fi rauni a tsakiyar duniya, saboda juyawar duniya da kuma ɗan kumburin da ta yi ta tsakiya. Bambancin kimanin kashi 3 ne cikin 1,000. Da za a daidaita sikelin rataye mai ƙugiya a Faris, a kawo shi Kano a rataya masa buhu mai kilo 100, sai ya nuna ragin kusan giram 300, alhali ko ƙwaya ɗaya ba ta zube ba. Sikeli mai faranti biyu ba ya yin wannan kuskure, don buhun da dutsen awon duka ƙasa ta sassauta musu ja daidai wa daida. A duniyar wata kuwa nauyin ja na buhun nan zai koma kashi ɗaya cikin shida, amma taurin kansa yana nan yadda ya ke. Masu tuƙin kwalekwale a kogin Kwara sun san wannan taurin kai. Ruwa ya ɗauke wa jirgi nauyin ja, amma jirgin da aka cika da buhuna ya fi na wofi wuyar tasarwa, ya kuma fi shi wuyar tsayarwa in ya doso gaɓa.

Isaac Newton na Ingila ya yi amfani da labarin Richer cikin babban littafinsa na 1687, inda ya raba nauyin asali da nauyin ja. Amma shi ne kuma ya kira nauyin asali da sunan yawan madda, watau daga bakinsa maganar littattafan makaranta ta samo tushe. Wata masaniya, Émilie du Châtelet, ta juya littafin da Faransanci, aka buga shi cikakke a Faris a 1759, shekara goma bayan rasuwarta. A zamaninsu maganar ba ta da aibu, don ba wanda ya san yadda zai ƙidaya madda ta wata hanya in ba da ma'auni ba.

Wanda ya ƙara wa maganar ƙarfi shi ne Antoine Lavoisier, haifaffen Faris a 1743. Mutum ne wanda bai yarda da kome ba sai abin da ma'auni ya nuna. A lokacinsa masana da yawa sun gaskata ruwa ya kan rikiɗa ya zama ƙasa, don in aka daɗe ana dafa shi cikin kwalba a kan ga gari-gari a gindi. Lavoisier ya auna ruwa, ya auna kwalba, ya toshe bakinta, ya dafa har kwana 101, daga ƙarshen 1768 zuwa farkon 1769. Da ya sake awo sai ya tarar ruwan bai ragu ba, kwalbar ce ta ragu, da kusan gwargwadon garin da ya bayyana. Ashe jikin kwalbar ne ya zaizaye. Daga baya ya gasa kuza cikin rufaffiyar kwalba. Kuzar ta yi toka-toka, ta ƙara nauyi, amma kwalbar da duk abin da ke cikinta ba ta ƙaru ba, ba ta ragu ba, don abin da kuzar ta samu daga iskar cikin kwalbar ta ciro shi. Matarsa, Marie-Anne, ita ke rubuta awon, ita ke zana kayan aikin. A littafinsa na 1789 ya kafa ƙa'ida cewa a kowane haɗi ko ƙuna, jimlar awo kafin da bayan ɗaya ce. Itacen da ya ƙone ya bar ɗan toka bai ɓace ba, sauransa ya tashi sama ya shiga iska.

Wannan ƙa'ida ita ta sa mutane suka ɗauka madda da nauyin asali abu ɗaya ne, tun da ba a taɓa ganin ɗaya ya motsa ya bar ɗaya ba. Abin mamaki, shi kansa Lavoisier, cikin jerin tushen abubuwa 33 da ya rubuta, ya sa haske da zafi, yana ɗaukarsu madda ce wadda ba ta hawa sikeli. In babban malami irin wannan ya yi tuntuɓe a nan, ba abin kunya ba ne ga ɗan makaranta ya ruɗe. Ƙarshensa bai yi kyau ba. Yana cikin masu karɓar haraji na zamanin sarki, da juyin mulki ya yi zafi aka kama shi, aka sare kansa a Faris ran 8 ga watan Mayu, 1794, rana ɗaya da surukinsa.

Mataki na biyu ya zo ne da aka iya ƙidayar ƙwayoyin zarra, watau ƙananan ƙwayoyin da kowace madda ta ginu da su. A wajen 1908 Jean Perrin, malami a jami'ar Sorbonne ta Faris, ya yi ta kallon 'yan mitsi-mitsin ƙaro suna rawa cikin ruwa ta madubin ƙara girma, daga rawarsu ya lissafa yawan ƙwayoyin da ke tunkuɗarsu. Aikin nan ya kawo masa lambar Nobel a 1926. Da aka sami hanyar ƙidaya sai tambaya ta taso: in an ce yawan madda, awo a ke nufi ko ƙidaya? Giram 12 na gawayi tsantsa da giram 56 na baƙin ƙarfe, yawan ƙwayoyin zarrarsu kusan ɗaya ne, amma ɗaya ya ninka ɗaya a sikeli fiye da sau huɗu. Kamar buhu biyu ne, ɗaya lemun tsami ɗari, ɗaya kabewa ɗari. Ƙidaya ɗaya, awo dabam. Don haka a shekarar 1971 babban taron ma'aunai na duniya ya ware wa yawan madda ma'auninsa na kansa, mai suna mol, wanda ƙidaya ce, ya bar kilo ga nauyin asali. Hukumar da ke riƙe da kilon duniya da kanta ta raba su, shekara fiye da hamsin ke nan, amma labarin bai isa wasu azuzuwa ba.

Mataki na uku shi ne mafi ban al'ajabi. A ƙarshen 1898, cikin wata rumfa a Faris, Marie Curie da mijinta Pierre suka gano radiyom. A 1903 Pierre Curie da abokin aikinsa Albert Laborde suka auna, suka ga giram ɗaya na radiyom yana fid da zafin da zai narkar da ƙanƙara mai nauyinsa cikin awa guda, dare da rana, ba wuta, ba itace. Daga ina zafin ke fitowa? A 1905 Albert Einstein, yana ma'aikacin ofis a birnin Bern, ya nuna cewa kuzari, watau zafi da haske da motsi, yana da rabo cikin nauyin asali. Duk abin da ya fid da kuzari nauyinsa na asali ya kan ragu, duk abin da ya sha kuzari nasa ya kan ƙaru. Har ya ambaci gishirin radiyom a matsayin abin da za a iya gwada maganar da shi. Lita ɗaya ta ruwa da aka ɗora bisa wuta cikin rufaffiyar tukunya har ta kusa tafasa, ta fi yadda ta ke da sanyi nauyi da kimanin kashi 4 cikin miliyan dubu na giram, alhali ba ƙwayar zarra ko ɗaya da ta shiga. Ba ma'aunin Lavoisier da zai iya ganin wannan, shi ya sa ƙa'idarsa ke aiki har gobe a ɗakin haɗa magunguna da kasuwa.

Inda abin ke fitowa fili shi ne gidajen wutar nukiliya. An fara haƙar yuraniyom a Arlit, arewacin Jumhuriyar Nijar, a 1971, aka yi shekaru da yawa ana kai shi Faransa. Gabas da Liyon, a bakin kogin Rhône, akwai tashar Bugey wadda ta fara ba da lantarki a 1972. A irin wannan tasha a kan farfasa cibiyar ƙwayar yuraniyom. Kowace cibiya ta ƙunshi wasu 'yan ƙwayoyi iri biyu, furoton da nutiron. In aka ƙidaya jimlarsu kafin fashewa da bayanta, lissafi ya kan cika cif, ba ɗaya da ta ɓace. Amma in aka auna, sai a ga kimanin kashi ɗaya cikin 1,000 na nauyin asali ya tafi. Kilo ɗaya na irin yuraniyom mai fashewa, in ya fashe duka, ya kan rasa kusan giram ɗaya, giram ɗin nan kuwa daidai ya ke da zafin awon lantarki kimanin miliyan 25, irin awon da mita ke ƙirgawa a gida. Rana ma haka ta ke yi, tana rasa kimanin tan miliyan 4 kowace daƙiƙa, shi ne hasken da ke nunar da gero a gona. Masana na baya-bayan nan sun ƙara gano cewa shi kansa furoton, 'yan guntayen da ke cikinsa ba su ba shi fiye da kimanin kashi ɗaya cikin 100 na nauyinsa ba. Sauran duk kuzarin motsinsu ne da na ƙarfin da ya ɗaure su. Watau mafi yawan abin da sikeli ke nunawa in mutum ya hau shi, kuzari ne da aka tsare wuri ɗaya. To, ina maganar cewa nauyin asali yawan madda ne?

Tarihin kilo kansa ya bi wannan hanya. A 1793 Lavoisier da René-Just Haüy suka auna ruwa don a kafa sabon ma'auni wanda ba na wani sarki ko wani gari ba ne. Bayansa wasu suka kammala aikin, aka tsai da kilo a kan nauyin lita ɗaya ta ruwa mai sanyi, a 1799 aka ƙera shi da farin ƙarfe mai suna filatinom aka ajiye a gidan ajiyar takardun hukuma a Faris. Ran 20 ga Mayu, 1875, ƙasashe 17 suka sa hannu a Faris bisa yarjejeniyar ma'aunai. A 1889 aka amince da sabon kilo na filatinom da iridiyom, tsawonsa milimita 39, faɗinsa ma haka, aka kife shi da murafan gilashi uku cikin wani ɗakin ƙarƙashin ƙasa a Sèvres, bayan garin Faris, wanda ba ya buɗuwa sai da mabuɗai uku. Aka rarraba wa ƙasashe 'yan'uwansa. A 1901 taron ya bayyana a fili cewa kilo ma'aunin nauyin asali ne, nauyin ja kuwa ƙarfi ne.

Amma aibun ɗaure awo ga dunƙulen madda ya bayyana a hankali. Da aka riƙa fito da shi jefi-jefi ana gwada shi da 'yan'uwansa, sai aka ga cikin shekara ɗari sun saɓa da kimanin kashi 50 cikin miliyan na giram, kamar ƙwayar yashi mai laushi guda. Ba a iya yanke hukunci ko shi ya ragu ko su suka ƙaru ba, don a doka shi ne kilo, ko da ya zaizaye. Alƙali ne wanda ba mai tuhumarsa.

Mafita ta biyo ta hannun wani ɗan Liyon. An haifi André-Marie Ampère a birnin a 1775, ubansa kuwa attajirin siliki ne, wanda shi ma aka sare kansa a Liyon a 1793. A 1820 Ampère ya nuna wa majalisar masana ta Faris cewa waya biyu masu ɗauke da lantarki suna jan juna ko suna tunkuɗe juna, da ƙarfin da za a iya lissafawa. Da sunansa a ke kiran ma'aunin gudun lantarki har yau. A 1975 Bryan Kibble, a Ingila, ya tsara wani ma'auni wanda a gefe ɗaya a ke ɗora abin awo, a ɗaya gefen kuwa, maimakon dutse, naɗin waya ne cikin maganaɗisu. A kan saki lantarki har ƙarfinsa ya tare nauyin ja na abin, a auna jan ƙasa na wannan ɗaki daidai, sa'an nan a fid da nauyin asali da lissafi. Da irin wannan ma'auni aka ɗaure kilo ga adadin Planck, wani adadi na halitta wanda ya haɗa kuzarin ƙwayar haske da saurin kaɗawarta, ba ya tsatsa, ba ya zaizayewa. Ran 16 ga Nuwamba, 2018, wakilan ƙasashe suka taru a Versailles suka amince baki ɗaya, ran 20 ga Mayu, 2019, sabuwar ƙa'idar ta fara aiki. Dunƙulen Sèvres yana nan a ajiye, amma ya sauka daga sarauta. Kilon duniya bai dogara ga wata madda ta musamman ba kuma.

Akwai masu cewa duk wannan wahalar da yara ce. Su kan ce yaron firamare ba ya bukatar Einstein, a bar shi da gajeriyar magana, in ya girma ya gyara. Akwai ƙanshin gaskiya a nan, don lalle ba a fara wa jariri da tuwo. Amma sauƙaƙawa dabam, koyar da abin da za a zo a rushe dabam. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Yaron da ya haddace cewa kilo yawan madda ne, ran da ya isa ajin da a ke koyar da mol sai ya rasa abin da ya raba su, ran da ya ji labarin nukiliya sai ya ɗauka madda ce ke ɓacewa kamar tsafi. Ga shi kuwa maganar gaskiya ba ta fi ta kuskuren wuya ba. Kowane yaro da ya taɓa tura amalanke wofi da cikakke zai gane taurin kan abu cikin minti ɗaya.

Saboda haka abin da ya kamata abu uku ne. Na ɗaya, malaman jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato da Yamai, da masu rubuta littattafai da ma'aikatan gidajen rediyo, su zauna su tsai da kalmomi uku na Hausa ga abubuwan nan uku, kowa ya bi. In madda da nauyin asali da nauyin ja ba su gamsar ba, a kawo waɗanda suka fi su, muddin dai uku ne. Na biyu, a bar kalmar nauyi ta ci gaba da aikinta a kasuwa da gida, ba mai hana mai nama ya ce nauyin tsokar nan kilo biyu ne. Na uku, hukumomin awo su ɗauki darasin Liyon. Duba sikeli kaɗai bai isa ba a cinikin auduga da shinkafa da takin zamani da zinariya, sai an haɗa da gwada laima da tsabtar hajar, don mai algus ba ya bukatar taɓa sikeli. Alƙur'ani mai girma yana da sura guda sukutum da aka sa wa sunan masu tauye awo, kuma wanda ya cika kilo da ruwa ko yashi ya tauye, ko da allurar sikelinsa ta tsaya daidai.

Mutanen Liyon sun gane haka tun 1805 don dukiyarsu na hannu, masanan Faris kuwa sun kai ga ƙarshensa a 2019 bayan doguwar tafiya. Yaron da ke zaune a aji a Katsina ko Maraɗi ya cancanci a ba shi abin da aka gano, da harshen da ya sha a nono.

Nan filin na wannan mako ya ƙare.